Shingen Itatuwa Mai Tare Iska a Gonakin Yankin Kumasi, da Matsayin Ɗorawar Amurka a Cikinsa

Mutane da yawa daga cikin mazauna Aboabo, Asawase, Tafo da sauran unguwannin zango na Kumasi suna da gonaki a bayan gari, wasu a Abofour da Akomadan a kan hanyar Techiman, wasu a Ejura da Sekyedumase, wasu kuma har Atebubu, kuma duk wanda ya taɓa noma a wannan yanki ya san iska iri biyu ce ke rage masa amfani. Akwai ta hunturu, wadda ke busowa daga arewa maso gabas tun daga Disamba har Fabrairu, tana shanye damshin ƙasa, tana ƙona ganyen tumatir da barkonon rani, tana kuma tura wutar daji daga gona zuwa gona. Akwai kuma ta farkon damina, wadda ke zuwa gaban hadari a watannin Maris da Afrilu da Mayu, galibi daga gabas, wadda cikin ɗan lokaci takan kwantar da agada da masara, ta yaye kwanon rumbu. Maganin da aka daɗe da sani shi ne jerin itatuwa da aka dasa bisa tsari a gefen da iskar ke fitowa. Wanda ya shiga intanet yana neman itacen da ya dace da wannan aiki ba zai daɗe ba zai ci karo da wanda ake sayar da irinsa da sunan honey locust, domin akasarin abin da aka rubuta a can manoman Amurka aka rubuta wa. Masana tsirrai suna kiransa Gleditsia triacanthos, mu kuwa a nan za mu ce masa ɗorawar Amurka, tunda danginsu ɗaya da ɗorawarmu, kuma shi ma yana yin dogayen kwanso masu zaƙi a ciki.

Sanin itacen kafin neman irinsa

Asalin wannan itace tsakiyar Amurka ta Arewa ne, musamman kwarin kogin Misisifi da rassansa. Yakan kai tsawon mita 20 zuwa 30, yana jure fari da ƙasa mai gishiri ko mai kanwa, kuma ganyensa ƙanana ne, saboda haka inuwarsa ba ta kashe ciyawar da ke ƙarƙashinsa. Kwansonsa na iya wuce tsawon santimita 30, shanu da tumaki suna cin sa, a daji kuma barewa da zomo da kurege suna rayuwa a kansa lokacin sanyi. Ƙayarsa mai rassa ce, tana fitowa dunƙule-dunƙule a jikin gindin, tana iya huda tayar tarakta, ko da yake akwai nau'in da ba ya yin ƙaya. Lokacin da fari da guguwar ƙura suka addabi filayen tsakiyar Amurka, gwamnatin Shugaba Franklin Roosevelt ta ƙaddamar da shirin dasa shingayen itatuwa a 1934, kuma zuwa 1942 an dasa wajen itatuwa miliyan 220 daga Dakota ta Arewa har Texas. Ɗorawar Amurka tana cikin waɗanda aka dasa, kuma daga can ne sunanta ya tafi a wannan fanni.

To, amma akwai abubuwa uku da ya kamata mai gona a Asante ko Bono ta Gabas ya auna. Na farko, itacen ƙasar sanyi ne, wanda ya saba zubar da ganye ya yi barci na watanni a cikin ƙanƙara kafin ya farka ya yi fure, alhali babu inda ƙanƙara ke kwanciya a Ghana, kuma ko a tsakiyar hunturu sanyin Kumasi bai kai kusa da abin da ya saba ba. Itatuwan irin wannan yanayi ba su cika yin ƙarfi a ƙasa mai zafi da laima ba. Na biyu, duk da kasancewarsa cikin dangin wake, saiwarsa ba ta yin ƙulle-ƙullen nan da ke tara wa ƙasa taki kamar na gyaɗa, don haka kada a sa rai zai gyara gona. Na uku shi ne mafi nauyi: a wuraren da yanayi ya karɓe shi, kamar Ajantina da Afirka ta Kudu da jihar Kwinslan ta Ostireliya, ya zama annoba, domin shanu suna cin kwanson su baza irin a cikin kashinsu, sai ya toshe bakin koguna da wuraren kiwo da sarƙaƙiyar ƙaya, har hukumomi suka sanya shi cikin tsirran da ake yaƙi da su. Mu ma ba baƙi ba ne ga irin wannan. Itacen nan da manoman Abofour ke kira York, a 1969 aka shigo da shi domin gwajin yin takarda, yau kuwa ya mamaye gonaki da gandun daji a yankin Offinso, kuma kowa ya san wahalar da ake sha da ciyawar Acheampong.

Ra'ayina ke nan a fili: kada a gina shinge a kan ɗorawar Amurka a wannan ƙasa. Idan ta ƙi yi, an yi asarar shekaru, idan kuma ta yi fiye da kima, an jawo wa maƙwabta fitina. Abin da ake nema a wurinta, wato tsawo da juriyar fari da kwanson dabbobi da mafakar tsuntsaye, akwai shi a itatuwanmu. Wanda duk da haka yake son gwaji, to ya tsaya a kan ƙwaya kaɗan a inda idonsa ke kai kullum, ya nemi izinin shigo da iri daga sashen kare tsirrai na Ma'aikatar Abinci da Noma, wato PPRSD, kamar yadda dokar tsirrai da taki ta 2010 ta tanada, ya kuma tuntuɓi Cibiyar Binciken Gandun Daji ta Ghana, wato FORIG, da ke Fumesua. Duk matakan da ke tafe sun shafe shi, kuma zan riƙa nuna inda ya bambanta da sauran.

Mataki na farko: maganar ƙasa

Kafin a taɓa fartanya, sai a daidaita da mai ƙasa. Akasarin mutanenmu ba a ƙasar gado suke noma ba, haya suke yi ko abunu ko abusa, wato noman da ake raba amfaninsa biyu ko uku da mai ƙasa, a ƙasar da ke ƙarƙashin kujerar sarauta ko wani dangi, kuma a al'adar wannan yanki dasa itace mai daɗewa yana kama da kafa hujjar mallaka, shi ya sa mai ƙasa da ya yarda a shuka masara zai iya ɓata rai idan ya ga an jera madaci. A je masa da girmamawa, tare da dattijon da ya san ɓangarorin biyu, a faɗi irin itatuwan da yawansu da inda za su tsaya, a kuma amince a kan wanda zai ci itace da 'ya'ya idan haya ta ƙare. A rubuta, a sa hannu gaban shaidu, odikro, wato mai garin ƙauyen, ya sani. Dokar ƙasa ta bambanta tsakanin itacen katako da ya fito da kansa, wanda ke hannun gwamnati, da wanda mutum ya dasa, wanda gyaran dokar katako na 2002 ya bar wa mai dasawa, saboda haka yana da kyau a sanar da ofishin gandun daji na gunduma abin da aka dasa tun yana ƙarami, don kada wata rana a rasa hujja.

Mataki na biyu: karanta iska da auna gona

A nan ne aka fi yin kuskure, don haka zan ɗan daɗe. Shinge ba ya tsayar da iska, rage mata gudu yake yi ya kuma ɗaga ta sama, kuma nisan da kariyarsa ke kaiwa ya dogara ne da tsawonsa. Ƙa'idar da masana suka tabbatar ita ce, a bayan shinge ana samun sauƙin iska har nisan da ya ninka tsawon itatuwan sau 10 zuwa 20, amma kariya mai ƙarfi tana cikin ninki 10 na farko, a gabansa kuma ana samun ɗan sauƙi na ninki 2 zuwa 5. Wato itatuwan da suka kai mita 10 suna kare kusan mita 100 sosai, daga nan kariyar ta riƙa raguwa. Gonar da zurfinta ya wuce haka nesa tana buƙatar shinge na biyu a tsakiya. Haka aka yi a kwarin Majiya da ke jihar Tawa a Nijar, ƙasar Hausawa 'yan'uwanmu, inda tun 1975 aka fara dasa dalbejiya layi bibbiyu, da tazarar mita 100 tsakanin shinge da shinge, kuma binciken da aka yi a can ya nuna ƙarin amfanin gero wajen kashi ɗaya cikin biyar.

Abu na biyu shi ne kauri. Mutane suna zaton gwargwadon cunkoson shinge gwargwadon amfaninsa, alhali shingen da ya toshe ɗif yana sa iska ta haura ta faɗo da ƙarfi tana juyi a bayansa, ta kwantar da amfanin da ake son karewa. Abin da ake so shi ne ya zama kamar zana, ba kamar katangar bulo ba, iska tana ratsawa kaɗan-kaɗan ta ko'ina. Idan mutum ya tsaya daga nesa ya dubi shingen, ya kamata ya ga haske ta kusan rabin jikinsa, daga ƙasa har sama. Kalmar “daga ƙasa” tana da muhimmanci, domin dogayen itatuwa masu gindi tsirara suna barin iska ta kurɗa ta ƙarƙashinsu da gudun da ya fi na fili. Haka ma giɓi: duk inda itace biyu ko uku suka mutu a jere, wurin ya zama maƙogwaron iska. Idan dole hanya ta ratsa shingen, a yanke ta a karkace, kada ta fuskanci iska kai tsaye.

Abu na uku shi ne fuska da tsawon layi. Shinge ya tsaya a gicciye ga iska. Tunda tamu daga gabas da arewa maso gabas take, abin da ya fi dacewa ga yawancin gonaki shi ne layi a gefen gabas da wani a gefen arewa, su haɗu a kusurwa. Amma tudu da kwari suna karkatar da iska, don haka a duba inda agada ta saba faɗuwa, da inda tsofaffin itatuwa suka sunkuya, a kuma tambayi waɗanda suka daɗe a wurin. Tsawon layin kada ya gaza ninki 10 na tsawon itatuwan, in ba haka ba iska za ta zagayo ta gefe.

Ga lissafi a kan gona mai eka 5, wato kusan hekta 2, mai mita 200 a gefen gabas da zurfin mita 100. A gefen gabas kaɗai, layi biyu na manyan itatuwa da tazarar mita 4 za su ci dashe kusan 100, layin gajerun itatuwa da tazarar mita 1 zai ci 200, sai a ƙara kashi 20 cikin ɗari domin cike gurbin waɗanda za su mutu. Faɗin wurin da shingen zai mamaye, idan an haɗa da inuwarsa ta kusa, ba zai gaza mita 8 ba, wato murabba'in mita 1,600, kusan kashi 8 cikin ɗari na gonar. Wannan ba ƙaramar ƙasa ba ce, kuma gara a san da haka tun farko. Shi ya sa ya fi riba maƙwabta uku ko huɗu su haɗu su ja layi ɗaya dogo a kan iyakarsu, kuma shi ya sa kowane itacen da ke cikin shingen ya kamata ya biya kuɗin wurinsa da 'ya'ya ko itacen girki ko abincin dabbobi.

Mataki na uku: zaɓen itatuwa

Sharaɗin farko shi ne itacen ya riƙe ganyensa a lokacin da ake buƙatarsa. Da wannan ma'auni itacen katakon nan da ake kira tik ya faɗi, duk da farin jininsa wajen yin falwaya, domin da rani yake tuɓe ganye, kuma ba kowane tsiro ke iya rayuwa a ƙarƙashinsa ba. Ɗorawar Amurka ma mai zubar da ganye ce, kuma ko a ƙasarta ba a barin ta ita kaɗai, sai an haɗa ta da layin itatuwa masu ganye shekara duka.

A layin waje, wanda iska ke fara duka, ana son gajere mai cunkoso. Gilirisidiya, wani baƙon itace na dangin wake, ta dace saboda tana tara wa ƙasa taki, awaki suna cin ganyenta, kuma tana jure sara, sai dai takan rage ganye da rani, don haka a gauraya ta da aduruku, a kuma shuka layin jema a gindinsu. A shekara biyu na farko waken Turawa yana cike wannan gurbi da sauri. A layin tsakiya ana son mai saurin girma mai riƙe ganye, kuma a nan kasiya, itacen nan mai rawayan fure, ta fi kowa sauƙin samu da sauƙin reno, tana tohowa bayan sara, tana ba da itacen girki da gawayi. Dalbejiya ma tana yi, musamman daga Ejura zuwa arewa, amma a tuna yadda tsuntsaye da jemagu suka baza ta a filayen Akra har ta cinye wuraren kiwo, don haka a riƙa cire 'ya'yanta da suka tsiro inda ba a so. Lusina, ita ma baƙuwa ce ta dangin wake, tana da irin wannan hali na bazuwa, ba na ba da shawarar ta sai ga wanda zai riƙa sare ta kafin ta yi kwanso.

A layin ciki, na ɓangaren gona, nan ne wurin masu daraja masu jinkiri. Ɗorawa ce ta fi cancanta ta ɗauki gurbin da aka so a ba takwararta ta Amurka: garinta abinci ne, kalwarta ta zama daddawa mai kasuwa a Kumasi kowace rana, makubarta tana da amfani, furenta kuma yana fitowa da rani lokacin da ƙudan zuma ke cikin yunwa. Tana buƙatar fili, mita 10 ko fiye tsakanin ɗaya da ɗaya, kuma takan ɗauki shekaru da dama kafin ta fara haihuwa, saboda haka a cike tsakaninsu da yazawa, wato kashu, wanda ya riga ya zama arzikin Techiman da Wenchi da Nkoranza, ko da mangwaro. A jefa ɗinya da tsamiya da madaci da ƙirya nan da can. Wanda gonarsa ke can arewa wajen Bawku, gawo ya fi masa komai, tunda da rani yake ganye, kuma kwansonsa abincin dabbobi ne na gaske. Mai gwajin ɗorawar Amurka a wannan layi zai sa ta, da tazarar mita 4 zuwa 6, inda rana ke samunta sosai, domin ba ta jure inuwa.

Mataki na huɗu: iri da reno

A fara reno a Disamba ko Janairu domin dashe ya kai santimita 25 zuwa 40 kafin damina ta zauna. Ana samun ingantaccen iri a cibiyar irin itatuwa da ke FORIG, ana kuma samun dashe a ofisoshin gandun daji, musamman tun da aka fara ranar dashen itatuwa ta Green Ghana a watan Yuni na 2021. Wanda zai tara iri da kansa, ya ɗebo daga itatuwa masu lafiya da yawa, ba daga guda ɗaya ba.

Irin dangin wake yana da ɓawo mai tauri da ke hana ruwa shiga, kuma na ɗorawar Amurka yana cikin mafi tauri, har yakan kwana shekaru a ƙasa bai tsiro ba. Hanyar da ta fi sauƙi ita ce a tafasa ruwa, a sauke shi daga wuta, a jira kamar minti biyu, a zuba a kan irin har ya ninka shi sau huɗu ko biyar, a bar shi ya huce ya kwana. Wanda ya kumbura a shuka shi nan take, kada a bari ya bushe, wanda bai kumbura ba a maimaita masa. Idan irin kaɗan ne, ya fi aminci a ɗan kankare gefen kowace ƙwaya da magagari ko a ɗan ɓantare shi da abin yanke farce, nesa da idon tsiron, sannan a jiƙa a ruwan sanyi na kwana ɗaya. Wannan hanya ta biyu ita ta fi dacewa da kalwa da irin ƙirya. Dalbejiya da madaci kuwa ba a sa musu ruwan zafi ko kaɗan, kuma irinsu yana mutuwa da wuri, don haka a shuka shi yana sabo. Gilirisidiya tana kamawa daga sanda, amma wadda aka shuka daga iri tana yin saiwa mai zurfi, ta fi tsayuwa gaban guguwa, kuma ita ake so a shinge.

Wani abin lura game da ɗorawar Amurka shi ne, irin da aka ɗebo daga itace marar ƙaya ba duka ke fitowa marasa ƙaya ba, sai a tsince masu ƙayar tun a wurin reno. Haka kuma furen namiji da na mace galibi a itatuwa daban suke, kuma ba a gane wanne ne wanne sai sun girma.

A cika leda da haɗin ƙasar sama kashi biyu, yashi kashi ɗaya, ruɓaɓɓen taki kashi ɗaya. Ledar fiya wata da aka huda ƙasanta tana wadatar da kasiya, amma ɗorawa da kashu suna son doguwar leda saboda saiwarsu. A binne iri zurfin santimita 1 zuwa 2, a yi rumfar ganyen kwakwa, a yi ban ruwa safe da yamma, a riƙa ɗaga ledojin duk mako biyu don kada saiwa ta kama ƙasa. Mako uku kafin dasawa a yaye rumfar, a rage ruwa, dashen ya saba da rana.

Mataki na biyar: dasawa

Yankin Kumasi yana da damina biyu, babba daga Afrilu zuwa Yuli, ƙarama daga Satumba zuwa Nuwamba. A babbar ake dasawa, bayan ruwa ya jiƙa ƙasa sosai, galibi a Mayu ko farkon Yuni. Dashen ƙaramar damina hunturu yake tararwa kafin saiwa ta yi nisa, kuma sai mai rijiya a kusa ya kamata ya gwada shi. A ja igiya, a kafa turaku, a bar mita 3 tsakanin layi da layi, a kuma saɓa ramukan yadda kowane itace zai fuskanci tsakiyar biyun da ke ɗaya layin. Rami ya kai santimita 40 a faɗi da zurfi, a ware ƙasar sama a gauraya ta da taki a mayar da ita ƙasan ramin. A yanke ledar a cire ta gaba ɗaya, a datse saiwar da ta nannaɗe, a dasa daidai inda ƙasa ta tsaya a wuyan dashen, a taka gefe, a yi ɗan kwano na tare ruwa. Da yamma ko ranar lumshi ya fi. Bayan wata ɗaya a zagaya a cike gurbin duk wanda ya mutu, kada a jira baɗi.

Mataki na shida: shekaru uku na farko

Abubuwa huɗu ke kashe ƙaramin shinge: ciyawa, dabbobi, gara da wuta. A riƙa nome zagayen kowane dashe faɗin mita ɗaya, kuma hanya mafi arha ita ce a shuka gyaɗa ko wake tsakanin layukan, noman da ake yi musu ya wadatar da itatuwan. A kiyayi fesa maganin ciyawa da ake ce wa kondem kusa da dashe, domin feshin da iska ta kwasa kaɗai ya isa ya ƙone shi. Ciyawar da aka shimfiɗa don riƙe damshi kada ta taɓa gindin, gara take kira, kuma barbaɗa toka a zagaye yana taimakawa. Game da awaki da shanu, a kewaye masu daraja da ƙaya ko kwandon gora, kuma ya fi komai a yi magana da makiyayan da ke wucewa tun kafin rani, tunda wannan yanki ya sha rikici a kan abin da zama ɗaya zai iya warwarewa.

Wuta ita ce babbar. Dattawa ba su manta gobarar 1983 da ta cinye gonakin koko ba, kuma dokar hana ƙona daji ta 1990 tana nan, amma har yau kowane Janairu sai hayaƙi ya tashi. Tun a ƙarshen Nuwamba a share fili tas mai faɗin aƙalla mita 4 a bayan shingen da gefunansa, a kwashe busasshiyar ciyawar da ke cikinsa, a sake dubawa a Janairu, a kuma san 'yan sa-kai na kashe gobara na ƙauyen.

Mataki na bakwai: mayar da shinge gidan halittu

Abin da ke jawo tsuntsaye da ƙananan dabbobi shi ne hawa-hawa da bambancin abinci. Ciyawar jema da gamba a ƙasa suna ɓoye fakara da zabon daji da bushiya, gajerun itatuwa suna ba ƙananan tsuntsaye wurin sheƙa, dogayen kuma suna zama mazaunin shaho da mujiya, waɗanda ke rage ɓeraye da gafiya a gona. Furen ɗorawa jemagu ne ke ziyartarsa da dare, ƙudan zuma da sassafe, gilirisidiya da kashu ma da rani suke fure, ɗinya da ɓaure kuma suna ciyar da hasbiya da kurege a wasu watannin, don haka shinge mai nau'i shida ko bakwai ba ya rasa abin ci a shekara. A tara rassan da aka sare tsibi biyu ko uku a cikin layi maimakon ƙona su, a binne tsohuwar tukunya a riƙa zuba ruwa da rani, kuma idan akwai rafi ko kurmi kusa, a miƙa ƙarshen shingen ya haɗu da shi, domin dabbobi su samu hanyar tafiya a ɓoye. Daga shekara ta uku ana iya ɗora amya a ɓangaren da ba ya fuskantar iska, nesa da hanya.

Sai dai baƙin ba duka ne masu daɗi ba. Gyazbi zai zo, kuma yana son masara da rogo, tsuntsaye masu cin hatsi za su samu wurin sauka, macizai ma za su samu sanyi. Maganin shi ne a bar tsiri mai tsabta tsakanin shinge da amfani, a sa takalmin roba idan za a shiga, kuma kada a zuba guba, domin mujiya da shaho ne za su fara mutuwa. Mai son farauta ya tuna cewa daga 1 ga Agusta zuwa 1 ga Disamba an rufe farauta a Ghana, in ban da gyazbi, shi ma da lasisi.

Mataki na takwas: sara da gyara

Daga shekara ta huɗu saiwar kasiya da dalbejiya za ta fara shiga gona tana ƙwace ruwa, kuma za a ga masarar da ke kusa ta tsumbure. A haƙa siririn rami mai zurfin kamar santimita 60 a tsawon layin, mita 2 zuwa 3 daga gindin itatuwan, a datse saiwoyin, a mayar da ƙasa, a maimaita duk shekara biyu ko uku. Tsirin da ke kusa kuwa a mayar da shi hanyar gona, ko a shuka masa citta da gwaza masu son inuwa. Layin waje a riƙa aske shi a tsawon ƙirji don ya yi cunkoso daga ƙasa. Layin tsakiya a sare shi bi da bi, itace ɗaya cikin uku a kowace shekara, bayan guguwar farkon damina ta wuce, don kada a taɓa buɗe giɓi, kuma dalbejiya a sare ta a sama da inda akuya ke kaiwa.

Mai gwajin ɗorawar Amurka yana da ƙarin aiki. Idan ta yi kwanso, ya tsince shi kafin ya zuba, kuma idan zai ba dabbobi ya niƙa shi tukuna, don irin ya farfashe kada ya fita da rai a cikin kashi. Ya riƙa duba bakin rafi da inda shanu ke kwana, kuma ranar da ya ga ta tsiro a inda bai shuka ba, ya cire duka ya sanar da ofishin gandun daji. Sara kaɗai ba ya kashe ta, domin tana tohowa daga kututture da kuma saiwa, sai an tone gindin ko an shafa wa kututturen maganin kashe itace nan take bayan sara, sannan a ci gaba da duba wurin damina biyu ko uku.